Kawu Mai Itace da Yafiyar da Ya Mutu Yana Jira

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ya rasu cikin bazarar bana da azahar, ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, fanka ta tsaya cik, bangon ɗaki yana huci kamar murhu. Likita ya ce zuciya ce. Inna, matarsa, ta ce zafi ne ya dafa mata miji, kuma ban ga wanda ya yi mata gardama ba, domin a makon nan ba gidanmu kaɗai aka fitar da gawar tsoho ba a Harobanda, unguwarmu da ke hayin kogi a Yamai.

Jama'a sun zo. Rumfar da aka kafa a ƙofar gida ta cika har aka ƙara tabarmi a kan titi. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna shigowa da gaisuwarsu ta mutuwa, "Fonda tilas", danginmu na garin Tawa suna "Allah shi jiƙan shi, shi ba ku haƙuri." Tsofaffin direbobi sun zo suna jan ƙafa, 'yan Babbar Kasuwa sun rufe rumfunansu sun tsallako gada. A cikin gida kuwa mata ne suka fi ba ni tausayi. Wata ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa, "Da iccensa na yi wankan jegon 'ya'yana duka, bai taɓa karɓar ko dala ba." Kafin ta rufe baki wata ta ce ita ma haka, wata ma ta ce haka.

Gaskiya suka faɗa. Amma mu in mutum ya mutu sai mu wanke shi tas da baki, mu mai da shi waliyyi, har ka kasa gane shi. Ni ba zan yi wa Kawu haka ba, domin shi kansa bai yarda an yi masa haka ba yana raye. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, uwata ta rasu ina ƙarama, a gidansa na girma, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, har na zama malama. Na san abin da masu gaisuwa ba su sani ba. Na san dalilin da ya sa Inna take amsa gaisuwa idonta yana kan ƙofa. Wata tsohuwa muke jira, wadda Kawu ya ci amanarta shekaru da yawa da suka wuce, ya nemi yafiyarta, ya mutu bai ji amsa ba.

Kawu ya sauko Yamai daga Adar, can ƙasar Tawa, yana saurayi, shekarar da fari ya ƙare musu dabbobi, da riga ɗaya a wuyansa. Ya fara da aikin aparanti, yaron mota ke nan, a wata kamiyon, babbar mota mai ɗauko itace daga Gurma, wato dajin da ke yamma da kogi. Da ƙarfi da rowa ya sayi tasa. Duk wanda ya girma a unguwarmu ya san motar nan. Ba ta da ƙofa ta gefen direba, ba ta tashi sai an tura, hayaƙinta yakan riga ta shigowa unguwa. Kawu yana ce mata Hajiya, wai don ta tsufa kuma ba a yi mata gaggawa.

Ya san itace kamar yadda mahauci ya san nama. In muna tafiya da yamma, mata sun hura wuta, sai ya ɗaga hanci ya ce, "Gidan ga geza suka ƙonawa. Wancan kirya ce, sun samu kuɗi." In malamai suka zo suna yi masa wa'azi a kan son duniya, sai ya bari su gama, ya ce, "Allah shi gafarta malam, tuwo ba shi dahuwa da addu'a." Mutum ne mai faɗa, mai ƙarar murya, ba ya haƙuri da malalaci. Amma in ya ji an haihu a unguwa, ko gidan wa ne, kafin suna za a ga tarin itace a ƙofar gidan, don mai jego ta samu ruwan zafi. In an zo godiya sai ya ɗaure fuska kamar an zage shi.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Dokar 'yan gandun daji ta ce busasshen itace kaɗai za a ɗauka, ɗanye ba a taɓa shi. To, Yamai tana girma, tukwane suna ƙaruwa, ga masu burodi, ga masu gashin nama, busasshen da Allah ya busar da kansa ya ƙare. Sai masu itace suka samo dabara. A ɗauki gatari a kewaye gindin itaciya, a ɓare ɓawonta faɗin tafin hannu, a bar ta tsaye. Ba a sare ta ba, ba wanda zai ce an sare ta. Ganyenta zai yi ta kaɗewa a hankali, baɗi in an dawo ta mutu a tsaye. Ma'aikaci ya zo ya ga busasshiya, ya ba da izini. Suna ce wa wannan "zobe". Ba Kawu ya ƙirƙiro shi ba, amma ya ƙware, kuma ya koya wa mutane da yawa. Muna yara yakan ba mu labarin yana dariya, mu ma mu yi dariya, don a ganinmu wayo ne.

A wani ƙauye na Gurma yake da masauki. Maigidan abokinsa ne, matar kuwa Kawu yana ce mata uwar ɗakinsa. Ita ke dafa masa abinci duk zuwan da zai yi, shekara da shekaru. Da maciji ya sare shi a daji, a ɗakinta ya yi jinya har ya miƙe. Bayan gonarsu akwai ƙorama, a bakinta kuma jerin manyan itatuwa, kirya da marke da tsamiya, saiwoyinsu sun riƙe gaɓar. Abu ɗaya matar nan ta taɓa roƙonsa. Ta ce duk dajin ga shi nan, amma waɗannan ya bar su. Kawu ya ce mata wanda ya ci tuwonta ba zai taɓa su ba.

Maigidan ya rasu. Da ta gama takaba ta tafi garin iyayenta ganin dangi. A shekarar ne wani mai gidan burodi ya matsa wa Kawu yana son manyan guma-gumai, kuma babu inda suka rage kusa sai bakin ƙoramar nan. Kawu ya kai yaransa. Ya gaya mini da bakinsa cewa shi ya yi wa ta farko zobe, don yaran sun yi tsaye suna kallon juna. Da matar ta dawo ta tarar da fararen zobba a gindin kowace itaciya. Ranar kuwa Kawu yana ƙauyen. Da lokacin abinci ya yi ta aiko masa da tuwo kamar kullum. Ya ce ya buɗe kwanon ya rufe, ya tashi aka tura masa Hajiya. Da shekara ta kewayo yara ya aika suka kwaso itacen, shi bai sake taka ƙauyen ba.

Ba zan ce abin ya dame shi tun lokacin ba, ƙarya ne. Ya ci gaba da sana'arsa a wasu dazuzzukan, ya gina gida, ya je Makka, ya aurar da mu. Labari yakan zo cewa ƙoramar ta buɗe baki tana cin gonaki, mutane suna tashi. Sai ya ce Allah shi kyauta, ya nemi ruwan alwala.

Shekarar da kogi ya fasa shingen da ke tare shi ya shigo Harobanda ne Kawu ya canza. Katangarmu ta faɗi, ɗakuna biyu suka bi ta. Aka kwashe mu zuwa ajujuwan wata lakwal a kan tudu, mu da tukwane da awaki. Da rana ta fito muka koma duba abin da ya rage. Ruwan ja ne jawur, mai kauri. Kawu ya tsaya a ciki har gwiwa, ya ɗebo da hannu, ya murza lakar a yatsunsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce mini, "Ɗiyata, na san ƙasag ga. Ƙasar Gurma ce ta biyo ni har gida."

Tun daga nan ya shiga tambaya. Me ya sa damina ta rikice, ko ta ƙi zuwa ko ta zo gaba ɗaya kamar an kifar da randa? Me ya sa zafin bazara yake kashe tsofaffi, alhali da ba haka ba? Me ya sa rairayi yake cike kogi, har da rani yaro ya tsallaka wani wurin da ƙafa? Ya tambayi liman, liman ya ce zunubin mutane ne ya yi yawa. Ya tambayi autansa, wanda yake karatu a jami'a, a nan ne aka yi rigimar da ba zan manta ba.

Auta yana son ubansa, kuma ya ga yadda tsohon yake ramewa. Ya zauna a gabansa ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce manyan ƙasashe ne suka daɗe suna ƙona man fetur da kwal a masana'antu da motoci da jirage, hayaƙin ya taru a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo, zafin rana ya shiga ya kasa fita. Shi ya rikita iska da ruwa ko'ina. Ya ce sare daji ma yana ciki, don itace yana shan wannan hayaƙin, amma abin da mu muka ƙara ko ludayi bai cika ba.

"Baba, wallahi ba kai ba ne," in ji shi. "Ko ba ka taɓa riƙe gatari ba, zafin nan sai ya zo."

Kawu ya ce, "To. Hayaƙinsu shi ya cire wa ƙoramar ga icce?"

"A'a, amma..."

"Shi ya ci tuwon matag ga?"

Auta ya fusata, ya miƙe tsaye. "Waɗanda suka yi ɓarnar suna zuwa cikin jirgi, su sauka manyan otel na bakin kogi, su yi taro cikin sanyi su koma! Su suna barci, kai ka hana kanka barci saboda itatuwan da ba su kai a ƙirga ba!"

"Zauna, kar ka yi mini tsaye bisa kai," in ji Kawu. Da Auta ya zauna sai ya ce, "Malam ya ce zunubi ne, kai ka ce hayaƙi ne. Ni ina da duka biyun. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su tahi su nemi tasu yahiya, in sun san ƙohwar da za su. Ni na san tawa."

Auta ya fita bai ci abinci ba, suka yi kwanaki ba sa magana sai gaisuwa. Ni a raina Auta ya fi gaskiya, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tsoho ɗaya mai mota marar ƙofa ya ɗauki kayan duniya ya ɗora a kansa, masu kayan ko sunan unguwarmu ba su sani ba. Amma na kasa cewa Kawu ya yi kuskure. Akwai itatuwa a bakin ƙoramar, ya yi alkawari, yanzu babu su.

Ya bar sana'ar, ya sayar da Hajiya ga masu tsohon ƙarfe. Ya sayo wa Inna tukunyar gaz ya ce daga yau da ita za a yi girki. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai da ka cinye dajin, yanzu ni za ka hana tuwo mai daɗi?" Ta ajiye tukunyar a lungu ta ɗora mata kwando. Auta ya kawo shawarar a dasa itatuwa, ko hankalinsa ya kwanta. Kawu ya yarda, aka dasa 'yan dogon yaro a ƙofar gida, yana ba su ruwa safe da yamma. Amma ya ce kada mu ruɗi kanmu, wanda ya yanka raƙumin mutane ba ya biya da ɗan tsako.

Abin da yake so shi ne ya je ƙauyen ya durƙusa gaban uwar ɗakinsa. Hanyar kuwa ta rufe, 'yan bindiga sun hana shiga, ƙauyen ma an ce ba kowa. Ya bi tsofaffin yaransa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, har wani ya ce ya ga ɗiyar matar tana sayar da kwaɗon zogale a Gaweye, kusa da gada. Ƙafafunsa sun riga sun kumbura, ba ya iya fita, sai ni ya aika, don na iya Zabarmanci.

Na sami ɗiyar, ta kai ni. Suna zaune a bayan gari cikin wani kangon da ba a gama ginawa ba, an rufe shi da buhuna, babu inuwa ko ta tsinke. Tsohuwar tana zaune tana tsinke ganyen zogale a faifai, ƙarama, baƙa, idonta ɗaya ya yi fari. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce, na isar da saƙo yadda aka ba ni: ya ce ya ci amana, ya sani, yana roƙo don Allah. Hannunta bai tsaya ba. Da na gama ta ce, "Yana cin abinci?" Na ce kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Ki gaishe shi."

Na koma bayan wani lokaci da shinkafa da sabulu. Ta karɓa ta yi godiya, ta sake cewa in gaishe shi.

Inna ta tare ni a zaure ta ce, "Ki ce mishi ta yahe. Mi za shi rage ki? Ki bar bawan Allah shi mutu da sanyin rai." Muna cikin wannan sai muka ji muryarsa daga ɗaki, ashe kunnensa bai tsufa ba. "Kar ku gaji da shirya magana. In ta yahe, da bakinta ni ka son ji."

Haka ya shiga bazarar ƙarshe. Ya sa aka juya masa gado ya fuskanci ƙofa. In ya ji sallamar mace sai ya yunƙura, in ya ga maƙwabciya ce sai ya koma. Muna jiƙa zane muna shimfiɗa masa a ƙirji, kafin a juya ya bushe. Auta ne yake masa fifita, sun shirya ba tare da wani ya ce wa wani yi haƙuri ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce in aika wa uwar ɗakinsa in ya tafi, kada ta ji a bakin mutane.

Na aika. Ranar sadakar uku da hantsi, ana tsakar raba waina, sai ga ta, ɗiyarta tana riƙe da hannunta. Da ƙafa suka zo cikin ranar nan. Inna ta gane ta ba tare da an gaya mata ba, ta tashi ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakinta, ta kore sauran mata. Tsohuwar ta yi gaisuwa cikakkiya, ta yi addu'a, ta sha ruwa. Inna ba ta iya jira ba. Ta durƙusa, tsohuwa gaban tsohuwa, ta ce in faɗa mata da harshenta: ya tafi inda ba ya iya roƙo, don Allah ta sauke masa.

Na faɗa wa matar. Sannan ta ce, "Tuwona da ya ci na yafe, har da wanda ya bari bai ci ba. Alkawarin da ya yi mini ma na yafe, wannan nawa ne. Itatuwan kuwa ba ni kaɗai ke da su ba. Masu su sun watse, waɗansu sun mutu a hanya. Ba zan yafe da bakin wani ba."

Na fassara wa Inna. Ta sunkuyar da kai tana hawaye, ni kuma na ce a raina ko rabi ne mun samu. Tsohuwar ta juyo gare ni da idonta mai gani ta ce, "Ina kuka sa shi?"

Na ce a makabartar unguwa.

"Kun san wurin?"

Na ce mun sani, Auta ya kafa alama.

Ta gyaɗa kai. "Madalla. Ku riƙe wurin da kyau. Tamu makabartar tana bayan itatuwan nan ne. Damina ta uku bayan an kwashe su ƙorama ta shigo. Da safe muka ga likkafani rataye a gaɓa. Mijina, da 'ya'yana biyu, da uwar mijina, duk ruwa ya kawo su nan kogin naku. Shi ya sa na ce ya bar su, ban faɗa masa dalili ba, na ɗauka wanda ya raka abokinsa kabari ya ga wurin."

Ban fassara wannan ba. Inna tana ta tambayata me ta ce, me ta ce. Tsohuwar ta dafa kafaɗar ɗiyarta ta miƙe. Aka kawo mata waina a kwano, ta karɓa, ta ce Allah ya kai ladan gare shi, suka fita cikin rana.

Kawu ya raka abokinsa kabari, ya ga wurin. Ko ya manta, ko ya tuna ya ɗaga gatarin duk da haka, ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, shi ɗin gaba ɗaya, mai tara itace a ƙofar masu jego da mai zobe. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo da rabin yafiya. Sauran rabin yana hannun mutanen da ba mu san inda suke ba, Kai Ka san su. Ka jiƙan Kawu, Ka jiƙan waɗanda ruwa ya tone.